IDAN AN HANA KA AIKI, KADA KA HANA KANKA DARASI

Ran Asabar 15 ga watan Maris na 2014, tun kafin gari ya waye samari da 'yan mata suka yi dafifi a ƙofar babban filin wasa na Abuja, kowa da fararen tufafin motsa jiki da takardunsa a hannu. Hukumar Shige da Fice ce ta kira jarrabawar ɗaukar ma'aikata a duk faɗin ƙasa. Guraben da ake da su 4,556 ne, amma waɗanda suka nema sun haura dubu 500, kowanne kuwa sai da ya biya Naira 1,000. A turmutsutsun da aka yi mutum bakwai suka rasu a Abuja, a ƙasa baki ɗaya kuwa aƙalla 16. Daga bisani Shugaba Goodluck Jonathan ya soke jarrabawar.

Abin da ya kamata mai neman aiki ya tsinta daga wannan rana shi ne lissafi. Kowane gurbi guda mutum fiye da 100 ne ke zawarcinsa. Watau ko da an yi kome bisa gaskiya, ba cuwa-cuwa ba sanayya, tilas 99 cikin 100 su koma gida hannu rabbana. Ashe ke nan rashin ganin sunanka a jeri ba shaida ba ce ta cewa kai dolo ne, ko karatunka na banza ne.

Wannan magana tana da muhimmanci, domin da yawa daga matasanmu da ke kwana a Nyanya da Kubwa da Gwagwa, suna sammako zuwa Sakatariyar Tarayya da ambulan a hammata, ba rashin aikin ne ke karya su ba, kunyar komawa gida ce. Uba ya sayar da gona ko bijimi ya biya kuɗin makaranta, ƙanne sun zuba ido, ga kuma mai ɗakin haya. Sai yaro ya daina ɗaukar waya, ya ƙaurace wa mutane, wani ma ya faɗa shaye-shaye. Alhali kuwa faɗuwar gaba asarar namiji.

To, amma ba kowane hani ne laifin cunkoso ba. Hani iri biyu ne, kuma mai hankali shi ne wanda ya zauna ya rarrabe su. Akwai wanda ba ka da iko a kansa, kamar ƙarancin gurabe, ko ƙa'idar raba daidai da tsarin mulkin 1999 ya tanada, wadda ke sa a raba ayyukan Tarayya tsakanin jihohi. Mai yiwuwa ka ci jarrabawa, amma kason jiharku ya cika. Irin wannan sai a bar wa Allah, a jira wani zagaye.

Na biyu shi ne wanda ke hannunka. Sau da yawa tun kafin a ga fuskar mutum takardunsa sun kayar da shi: sunan da ke kan sakamakon sakandare dabam, na katin ɗan ƙasa dabam, ko ranar haihuwa ta saɓa, ko babu takardar shaidar ƙaramar hukuma. Wani kuma ya san amsa sarai, amma bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, ga shi jarrabawar ɗaukar aiki da dama ta koma kanta. Wani ya shiga ganawa bai san ko aikin ma'aikatar ba. Duk waɗannan suna gyaruwa cikin 'yan makonni. Saboda haka duk wanda ya fito daga ganawa, ya rubuta tambayoyin da aka yi masa tun bai manta ba, ya sa alama inda harshensa ya sarƙe. In da hali ya koma cikin ladabi ya tambayi inda ya gaza. Wadansu za su kore shi, amma ba a rasa mai faɗa masa gaskiya.

Sa'an nan a yi hattara da 'yan damfara. Wanda aka hana sau uku shi ne abincinsu, domin shi ne zai yarda ya ci bashi ya sayi takardar kama aiki ta jabu.

Har ila yau, zaman jira ba sana'a ba ne. Tun 1971 aka kafa Asusun Horar da Ma'aikata na ITF, a 1986 kuma aka kafa Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta NDE, dukansu suna koyar da sana'o'in hannu. Mai digirin da ya yi shekara guda yana riƙe da littafin ciniki a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei, ko yana koyon wayarin mota a Apo, in ya koma gaban masu ganawa yana da abin faɗi, ba kamar wanda ya shekara a kan benci ba. Sau tari ma kafin takardar gwamnati ta fito ya riga ya tsaya da ƙafarsa.

Iyaye kuma su sassauta gori. Yaron da ya dawo daga Abuja ba aiki, a tambaye shi abin da ya koyo, a taya shi shirin tafiya ta gaba. Mai nema yana tare da samu.