Gidan Kallo na Yamai: gadonmu ne, ba na baƙi kaɗai ba

Mutanen Maraɗi, Damagaram da Tawa da dama sukan zo Yamai neman takarda ko ganin dangi, su koma gida ba su taka Gidan Kallo na Ƙasa ba. Wasu suna tsammani an gina shi don baƙi masu yawon buɗe ido. Alhali kuwa abin da ke ciki namu ne.

An buɗe gidan a shekarar 1959, da himmar Bubu Hama, wanda yanzu gidan ke ɗauke da sunansa. Mai ziyara zai ga tufafin ƙabilun Nijar, da kayan kiɗa, da makamai, da irin ɗakunan Hausawa, Zabarmawa, Fulani da Abzinawa. Akwai kuma ƙasusuwan manyan dabbobin da aka tono a Gadufawa, cikin jihar Agadas, waɗanda suka rayu fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da wurin yake da koguna da kadoji.

A rumfunan masu sana'a, maƙeran azurfa, dukawa da masaƙa suna aiki a gaban idon kowa. Wanda ya sayi zobe ko jaka a hannunsu ya taimaki magidanci, ya kuma taimaki sana'ar kakanni kada ta mutu. Gaba kaɗan ga zaki, kura, dorina da jimina, waɗanda yaranmu da yawa a tatsuniya kawai suka san su.

Amma abin da ya fi sa mutum tunani shi ne iccen Tenere. Shekaru masu yawa yana tsaye shi kaɗai cikin rairayi, ayarin gishiri suna gane hanya da shi, ba mai yanke masa reshe. A 1973 wata babbar mota ta kayar da shi, aka kawo busasshen Yamai. Raƙuman dawa na Kure su ma sun kusa ƙarewa: a 1996 saura kamar 50. Da hukuma da manoma suka haɗa kai, suka haura 600, har aka kai wasu Gadabeji a 2018.

Icce ya faɗi, raƙuman dawa sun tsira. Bambancin kulawa ce. Don haka muna kira ga shugabannin lakwal da malaman yaƙi da jahilci su riƙa shirya wa almajiransu wannan ziyara. Gani ya kori ji.