Ba Kowane Jini Ne Basir Ba

Duk ranar kasuwa a Tambuwal, ko Dogon Daji, ko Kebbe, ba a rasa mota mai lasifika a ka, mai ita yana ta rantsuwa cewa ƙullin garinsa yana kashe basir mai tsiro da mai jini da sanyin ƙashi a lokaci guda. Masu miƙa kuɗi kuwa galibi dattawa ne. Wannan abu ya ishe ni.

Basir a wurinmu ya zama jakin da ake labta wa kowane kaya. Ciwon baya basir, kasala basir, jini a bayan gida basir. Basir ɗin gaskiya yana nan, jijiyoyin dubura ne ke kumbura, kuma sukan zubar da jini. Sai dai sankarar babban hanji ma da jini take sallama, kuma ko likita ba ya rarrabe su sai ya duba, balle mai lasifika. Wani zai ce ai ya sha jiƙo jinin ya tsaya. Malam, ƙarin da ke cikin hanji dama haka yake yi, ya zubar yau ya ɗauke wata guda, alhali yana ta girma. Wani kuma ya ce in wuƙar likita ta taɓa sankara, bazuwa take yi. Ba wuƙar ba ce. Shekara biyun da aka ɓata ana shan saiwa ne, har aka kai mutum asibiti ciwon ya riga ya haura hanta. Ita wannan cuta yawanci da ɗan tsiro take farawa, wanda kan ɗauki kimanin shekara 10 kafin ya rikiɗe. Idan aka gan shi da wuri, a wurin duban ma ake tsinke shi, ba sai an farke ciki ba. Shi ya sa a 2021 Amurka ta sauko da shekarun fara gwaji daga 50 zuwa 45.

Na san kunya ce ke tsare da yawa. Abin mamaki, dattijon da ke jin nauyin faɗa wa likita a ɗaki daga shi sai shi, yana iya tsayuwa a tsakiyar kasuwa ana zayyana masa batsa ta lasifika.

Wani ciwon da shi ma ake makara a kai shi ne ciwon hanta nau'in C, shi ko alamar zubar jinin ma ba ya nunawa. Yakan yi shekara 20 ko fiye yana cin hanta shiru, sai ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya, a ce shawara ce ko sammu. Ta jini ake ɗaukarsa: askar wanzami ɗaya a kan mutum goma, ƙaho, sakiya, yankan farce a tasha, allurar da aka maimaita, ƙarin jinin da ba a tantance ba. Duk wanda ya haura hamsin ya rayu a zamanin da ba a damu da waɗannan ba, domin sai 1989 aka gano ƙwayar cutar. Ba ta da rigakafi irin wanda nau'in B ke da shi, amma ƙwayoyin magani na yanzu suna warkar da fiye da kashi 95 cikin ɗari, galibi a mako 12. Masar, wadda allurar maganin tsargiya ta baza wa cutar a da, ta fara gwada jama'arta gaba ɗaya a 2018, ta gwada miliyoyi, ta yi wa masu ita magani kyauta.

To, Baba, ka je babban asibitin Tambuwal ko na Kebbe ka ce a yi maka gwajin hanta, B da C. Idan C ya nuna, kada ka fara shan komai, akwai gwaji na biyu da zai tabbatar ko ƙwayar tana nan, don wasu jikinsu kan kore ta da kansa. Ka riƙe askarka da rezarka. Idan kuma ka ga jini mai duhu cakuɗe da bayan gida, ko majina, ko bayan gidan ya sirance, ko gudawa da taurin ciki suna karɓa-karɓa har makonni, ko kana ramewa babu dalili, ka nemi takardar zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato a leƙa hanjin da na'ura. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi wannan ciwo, kada ya jira alama. Taba da ƙiba da yawan jan nama su ma suna da hannu. 'Ya'yan da ke aiko kuɗin cefane daga Abuja da Legas, ku ware na mota da na gwaji, ku kuma sa wani ya raka Inna, domin ita ba za ta taɓa faɗa da bakinta ba.