Soyayya A Sararin Samaniya: Amfaninta Da Aibinta

A shekarar 1969, wadda Amurkawa suka sauka a kan wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Malam Umaru Dembo, labarin yaro Kilba da Kolin Koliyo ya kai shi sararin samaniya. A 1980 kuma ya fitar da So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsatu Abdulwahid. Watau Hausa ta daɗe da sanin ƙagaggen labarin kimiyya da na soyayya. Wahalar ita ce haɗa su cikin littafi guda da zaƙin harshe irin na waƙa.

Amfanin haɗin a fili yake. Marubuci na iya kai masoya wata duniya, ya soki auren dole ko ƙabilanci ba tare da ya taɓa mutuncin kowa ba. Har ila yau, matashin da soyayya ta jawo shi yakan tashi da sha'awar ilmin taurari.

Aibinsa kuwa, daɗin baki yakan danne labari. Sai a cika shafi goma da kirarin budurwa, amma ba a faɗi yadda kumbon yake tashi ba. Nan take kimiyya ta koma siddabaru.

Marubutan Suleja ba su rasa abin farawa ba. Ga Dutsen Zuma a ƙofar gida, ga hukumar sararin samaniya a Abuja, wadda aka harba mata tauraron ɗan'adam na farko daga Rasha a 2003. Lalle ne su yi bincike tukuna, sa'an nan su ɗauki alƙalami.