Juyin Faifai Guda Ga Kwamfutoci Dabam Dabam

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin jarrabawar JAMB a nan Bauchi ya ga abin da zan yi magana a kai, ko da ya ke watakila tsoron jarrabawa bai bar shi ya lura ba. Kwamfutoci ne jere reras, layi bayan layi, kowace ka kunna abin da ke cikin wannan shi ke cikin waccan. Tun 2013 hukumar ta fara yin jarrabawa a kan kwamfuta, daga 2015 kuma ta ajiye takarda da fensir. Cikin sharuɗɗan da ta sa wa mai son buɗe irin wannan ɗaki akwai kwamfutoci 250 masu aiki, ban da waɗansu na ko-ta-kwana. WAEC ma a 2024 ta soma gwada haka ga masu zama jarrabawa daga waje. To, yaran da za mu koyar nan gaba ta wannan ƙofa za su bi, kuma a yawancin makarantu malamin da ya fi ƙuruciya shi a kan miƙa wa mabuɗin ɗakin kwamfuta, ko ya iya ko bai iya ba.

Bari mu yi ɗan lissafi. A ce zuba Windows cikin kwamfuta guda, da sauran manhajoji da gyare-gyare, ya kan ci awa 3. Guda 250 ke nan awa 750. In mutum yana aikin awa 8 kullum, ba Lahadi ba Jumma'a, sai ya yi kwana 94 kafin ya gama, in ma wuta ba ta ɗauke ba. Ba mai yin haka. Abin da a kan yi shi ne a shirya kwamfuta ɗaya tsaf, sa'an nan a juya ta ga sauran.

Na zaɓi kalmar juyi da gangan. Kun san yadda almajiri kan juya littafin malaminsa, baƙi da baƙi, wasali da wasali, har kuskuren da ke ciki ma ya kan kwashe shi. Haka wannan aiki ya ke. Cikin kowace kwamfuta akwai faifan ajiya, a kansa babbar manhaja ta ke zaune, watau Windows ko Linux, wadda ke mulkin sauran. Mai juyi ba ya tsince-tsince, kwashe faifan ya ke yi dungum, da ɓoyayyun wuraren da injin ke karantawa in an kunna shi, ya dunƙule su wuri guda a wani faifai na waje. Daga nan sai a yi ta zubawa. Wani mutumin New Zealand, Murray Haszard, shi ya fito da manhajar Ghost da ta yi suna a wannan aiki, kamfanin Symantec ya saye ta a 1998. Wadda ɗalibai irinmu suka fi iya samu ita ce Clonezilla, wadda Steven Shiau da abokan aikinsa suka yi a Taiwan, don kyauta ce. A kan sa ta a filashi a tayar da kwamfuta da ita. Wuraren da ke da rubutu kaɗai ta ke kwashewa, ta matse su, sabo da haka juyin bai kan kai girman faifan ba. Tana kuma iya aika juyi ɗaya ta waya zuwa kwamfutoci masu yawa a lokaci guda.

In kwamfutocin duk ƙira ɗaya ne, uwa ɗaya uba ɗaya, magana ta kusa ƙarewa nan. Amma wace makaranta ce tamu ke da irin wannan gata? Waɗansu gwamnati ta kawo shekarun baya, waɗansu ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta bayar, waɗansu kuma 'yan Beljiyam ne da aka sayo daga Kano ko Ikko sa'ad da kuɗi suka samu. Ni da kaina na ɗanɗana. Lokacin da aka tura ni koyon koyarwa wata makaranta a cikin gari, na tarar da kwamfutoci iri uku a ɗaki guda, ƙura ta hunturu ta rufe su. Na shirya ɗaya, na juya, na zuba wa sauran ina ta jin daɗin kaina. Da na kunna, 'yan'uwan wadda na shirya suka tashi lafiya lau. Kashi na biyu suka nuna shuɗin allo da waɗansu lambobi, suka mutu, suka sāke tashi, suka sāke mutuwa. Na uku kuwa ko gaisuwa ba su yi ba, sai wani ɗan rubutu fari a baƙin allo wai ba su ga abin da za su tashi da shi ba. Ga shi kuwa na riga na shafe abin da ke cikinsu da, kuma ran Litinin aji biyu na da darasi. Kwana biyu na yi ina neman dalili, abin da na gano shi ne wannan.

Babbar manhaja ba ta jin harshen kayan ƙarfen da ke cikin injin kai tsaye. Tsakaninta da kowane sashe, ko na sauti, ko na hoto, ko na intanet, akwai wata 'yar manhaja da masu gyara ke kira direba. Ni a ganina tafinta ya fi dacewa da ita. Mu a ƙasar Bauchi mun san darajar tafinta. Alkali ya zo da mai fassara masa Fulatanci, sai ga mai ƙara da Jaranci ko Sayanci, ai shari'a ta tsaya. Sa'ad da aka fara zuba Windows, ta kan duba gidan da ta sauka ta ɗauki tafintocin da ta ke bukata. In ka ɗauke ta dungum ka kai wani gida, da tsofaffin tafintocinta za ta tafi.

Rashin yawancinsu ba ya kisa. In na sauti ya ɓace, injin zai tashi bebe, ka nemo masa daga baya. Amma akwai guda wanda in babu shi ba a ko shiga zaure, shi ne na faifan ajiya. Dalili kuwa a fili ya ke: sauran tafintoci duk a kan faifan su ke, to, in ba a iya magana da faifan ba, ina za a ɗauko su? Kamar wanda ya kulle mabuɗi ne cikin ɗaki. Shuɗin allon nan nawa, mai lamba da ta ƙare da 7B, abin da ya ke faɗi ke nan. Faifai na iya magana ta tsohuwar hanya mai suna IDE ko ta sabuwa mai suna AHCI, kuma a saitin farko na injin a ke zaɓa. Kwamfutar da na shirya tana kan ɗaya, kashi na biyu suna kan ɗayar. Da na shiga saitin na mai da su daidai, sai ga su sun tashi. A zamanin Windows XP abin ya fi haka tsanani, don har irin ƙwaƙwalwar injin sai ta dace. Daga Vista, wadda ta fito kasuwa a 2007, Windows ta koyi duba wannan da kanta, Windows 10 kuwa sau da yawa ta kan yi ɗan jinkiri ta nemo tafintoci ta tashi a baƙon gida ba tare da gardama ba.

Kashi na uku ciwonsu dabam ne. Kafin Windows ta farka akwai wani ɗan shiri da ke manne a jikin injin tun daga masana'anta, shi ke fara tashi ya je ya taso ta. Na da sunansa BIOS, na yanzu UEFI. BIOS ya kan duba farkon faifai, can gaba ɗaya, inda aka tsara shi bisa tsarin MBR. UEFI kuwa wani ɗan ɗaki na musamman ya ke nema a faifan da aka tsara bisa GPT. In ka zuba juyin wannan a injin wancan, mai tashin zai je inda ya saba ya tarar ba kowa, ya komo ya ce gidan kango ne, alhali ga Windows nan kwance a ɗaya ɗakin. Injuna da yawa na tsaka-tsakin zamani suna iya bin hanya biyun, sai a sauya a saiti. Tsofaffi ƙwarai BIOS kaɗai suka sani, sababbi da yawa kuma sun bar tsohuwar hanya sam. Nan ba dabara, sai juyi biyu.

Sauran ƙanana ne amma su ma su kan ka da mutum. Manhaja mai bit 64 ba ta hawa tsohon injin da bit 32 kaɗai ya iya. Faifan da za a zuba wa kuma kada ya gaza wanda aka juyo girma, don Clonezilla ta kan ƙi. Maganin wannan a shirya ta farko a kan mafi ƙanƙantan faifai da ke ɗakin.

Yanzu sai maganar suna. Juyi ya kan kwashe har sunan kwamfuta da wata doguwar lambar shaida da Windows ke yi wa kanta, mai suna SID. Ku ɗauka an shiga aji an kira rajista, yara arba'in duk suka amsa Audu, lamba ɗaya. Muddin kowane injin zaman kansa ya ke yi, ba a kan ga illa ba, amma da an haɗa su da waya rikici ya tashi. Sabo da haka Microsoft ya yi wata manhaja mai suna Sysprep, tana nan cikin kowace Windows. In ka gama shirya kwamfutar farko sai ka buɗe ta, ka sa alama a akwatin da aka rubuta wa Generalize, ka zaɓi injin ya mutu in ta gama. Ita za ta goge suna da lamba, ta sallami tafintocin wannan gida, yadda duk inda juyin ya sauka zai tashi kamar sabon baƙo, ya tambayi suna, ya nemi tafintocin da suka dace. Amma fa a kula, da injin ya mutu, da filashin Clonezilla za a tayar da shi. In aka yi sakaci Windows ta riga tashi, ta sāke ɗaukar suna, aikin ya koma baya.

Akwai masu gyara da za su ce maka wannan ɓata lokaci ne. Suna da ɗan abin kafa hujja, don a 2009 Mark Russinovich, wani gwani na Microsoft, ya yi rubutu yana nuna cewa maimaita lambar SID ba ta da haɗarin da a ke zato, ko da ya ke bai ce a bar Sysprep ba. To, a 2025 kamfanin ya ƙara tsaro a Windows 11, sai injunan da aka juya ba tare da Sysprep ba suka fara ƙin yarda da juna wajen musayar fayil ta waya. Ni dai na gwammace minti goman nan da a kira ni tsakar zango.

Linux a wannan fanni ta fi sauƙin hali. Yawancin tafintocinta a jakarta su ke, kuma duk sa'ad da aka kunna injin sai ta duba gidan sabo. Sabo da haka juyin Ubuntu ko Linux Mint ya kan tashi a injuna iri iri ba wahala, in ban da waɗansu katunan hoto da na intanet marar waya. Ita ma dai sai an sauya mata suna da lambar injin bayan juyi, kuma maganar BIOS da UEFI ba ta ƙyale ta ba. Wannan ya kamata shugabannin makarantu su dube shi da kyau. Ran 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina kula da Windows 10 kamar yadda ya saba, Windows 11 kuma, wadda ta fito a 2021, sai injin mai bit 64 da UEFI da wani ɗan sashen tsaro mai suna TPM 2.0. Da yawa daga 'yan Beljiyam da ke ɗakunanmu ba su cika waɗannan ba. Amma kafin a sauya sai a tambaya ko manhajar jarrabawa ko ta darasin da a ke bukata tana aiki a kan Linux, kada a gyara gaba a ɓata baya.

Wani abu da ban so in tsallake shi ne lasisi. Juyi ba ya haihuwar izini. In ka sayi Windows ta injin guda ka zuba wa talatin, ashirin da tara ba su da takarda, kuma mu da za mu tsaya gaban yara mu hana su satar amsa bai kamata mu koya musu da wannan ba. Abin farin ciki, tun daga Windows 8 a 2012 manyan masana'antu kan binne mabuɗin lasisi a jikin injin, yadda in aka zuba irin wadda aka saye shi da ita, Home ga mai Home, Pro ga mai Pro, da ya hau intanet ya kan gane kansa. Makarantar da ke da injuna masu yawa sai ta nemi lasisin jimla.

Da zan koma waccan makaranta yau, ba da filashi zan fara ba, da littafi da biro zan fara. In bi injunan ɗaya ɗaya in rubuta ƙirar kowane, da girman faifansa, da ko BIOS ne ko UEFI, in kasa su kashi kashi. In kwashe abin da ke cikinsu in adana tukuna, don takardun sakamakon yara na iya kasancewa a ciki ba wanda ya gaya maka. Kowane kashi in yi masa juyinsa, in gwada a injin ɗaya tak, in ga sauti da allo da intanet duk suna aiki, kafin in taɓa na biyu. Wurin zubawa kuma in karanta sunan faifai sau biyu, gama Clonezilla za ta tambaye ka har sau biyu ko ka tabbata, in ka amsa alhali ka sa na karɓa a matsayin na bayarwa, wofi za ta juya a kan aikinka. A tanadi janareta ko batir kafin a fara, don juyin da wuta ta yanke a tsakiya sai an sāke shi daga farko. In an gama, a rubuta kwanan wata da kashin injin a jikin faifan juyin, a ba shugaban makaranta ya sa a kabad, yadda malamin da zai gaje ka zai same shi.