Kafin ka kai keken tsere wurin mai walda

Akwai wani saƙo da ke yawo a zaurukan WhatsApp na samarin Maradi, Tsibiri da Jiratawa, musamman masu fita motsa jiki da keke da sassafe. Saƙon yana koya wa mutum yadda zai mallaki keken tsere irin na Turai da kuɗi kaɗan. A taƙaice yana cewa: sayi kowane keken gwanjo ka samu, ko da jikinsa ya tsage, domin mai walda zai ɗinke shi, daga baya ka sa a liƙa masa birkin faifai irin na zamani, ka ƙara masa giya ya ƙara gudu, kayan keke kuwa duk ɗaya ne, kowane yana shiga kowane. A ƙarshe an rubuta a tura wa 'yan'uwa don su amfana.

Wanda ya rubuta wannan, ko bai taɓa kwance keke da hannunsa ba, ko kuwa yana da tsagaggun kekuna da yake neman kai da su. Masu turawa ba tare da sun tambayi ko mai gyara ɗaya ba su ma suna da nasu alhakin. Amma yaron da ya karanta ya yarda, ba na ganin laifinsa. Ya daɗe yana tara 'yan kuɗinsa, sabon keken tsere ya fi ƙarfin aljihunsa, kuma mu mutane ne da muka saba rayar da abin da wasu suka yar. Shawarar a sayi mai araha a riƙa gyara shi sannu a hankali ba wauta ba ce. Akwai ma gaskiya a cikin saƙon, ita ce ta sa ƙaryar ta samu shiga.

Gaskiyar ita ce, ana iya inganta keke bayan an saye shi. Taya, sirdi, feda, robar birki, sarƙa, har da wili, duk ana sauya su, kuma taya mai kyau kaɗai tana canza yadda keke ke tafiya. Haka nan jikin keke na baƙin ƙarfe yana gyaruwa a hannun gwani. Nan gaskiyar ta tsaya.

Maganar ƙara giya don a ƙara gudu ba ta da tushe: gudu daga ƙafar mahayi yake fitowa, yawan giya sauƙin zaɓi kawai yake bayarwa. Kamfanin Shimano ya ƙera Claris mai giya 8 a baya, Sora mai 9, Tiagra mai 10, sai 105 mai 11 ko 12, kuma tashi daga 8 zuwa 11 yana nufin sauya hannun giya, sarƙa, haƙoran baya da abin da ke tura sarƙar, sau da yawa har da wilin baya. A ƙasarmu mai shimfiɗe, mai ƙura da yashi da ke cin sarƙa, giya 8 ta wadatar, kuma sarƙarta ta fi sauƙin samu da sauƙin kuɗi.

Maganar cewa kowane kaya yana shiga kowane keke ita ma ƙarya ce, kuma taya ta isa shaida. Wilin keken tsere milimita 622 ne, tsofaffi masu inci 27 milimita 630 ne, baƙin keken nan irin na Raleigh da Phoenix kuwa 635 ne, duk da cewa shi da na tsere ana kiran tayarsu inci 28. Lambar tana rubuce a gefen taya, misali 25-622. Tsofaffin kekunan Faransa, irin su Peugeot da Motobécane na kafin shekarun 1980, suna da nasu zaren sukurori a gindin feda wanda bai dace da na yau ba. Waɗannan duka asarar kuɗi ce kawai. Wanda ya faɗa cikinsu zai ji haushi, ya koma kasuwa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar walda, domin ita ba a aljihu take tsayawa ba.

Yawancin kekunan tsere na gwanjo da ke shigowa yanzu jikinsu na alminiyam ne, wasu kuma na kabon, ko jiki alminiyam ƙafafun gaba kabon. Kabon zare ne da aka haɗa da danƙo, ba ƙarfe ba ne, saboda haka babu batun walda a kansa ko kaɗan. Alminiyam kuwa yana waldatuwa, amma ba da sandar walda da ake haɗa ƙofa da gado ba; yana buƙatar na'ura ta musamman mai iskar argon. Ko an samu na'urar, da sauran aiki. Nau'in da aka fi yin keke da shi, wanda ake kira 6061, ƙarfinsa daga gashi yake samuwa. Bayan an haɗa jikin a masana'anta, ana sa shi a murhu mai zafin da ya haura digiri 500, a tsoma shi a ruwa, a sake gasa shi na sa'o'i a zafi mai sauƙi. Wutar walda tana warware wannan aikin a kewayen inda ta taɓa, ƙarfin wurin ya ragu da kashi ɗaya cikin uku ko fiye. Ɗinkin zai yi kyau a ido, a shafa fenti, amma gefensa ya yi laushi. Kuma wurin da ya tsage tun farko shi ne wurin da ya fi ɗaukar nauyi, wato wuyan keke, gindin feda, ko inda wili ke zama.

Ba kowane ɗinki ne ke ɓallewa washegari ba. Wani zai yi wata da watanni, shi ya sa za ka ji mai cewa nasa yana nan lafiya lau. Matsalar ita ce babu mai iya duban ɗinki da ido ya faɗi ranar da zai saki. Baƙin ƙarfe yakan lanƙwashe ko ya yi ƙara kafin ya rabu, ya ba mutum damar sauka. Alminiyam da ya gaji yakan rabu farat ɗaya.

Liƙa birkin faifai a keken da ba a ƙera shi don haka ba ya fi wannan muni. Birkin roba yana kama bakin wili ne daga sama, inda ƙafafun gaba biyu suka haɗu, nauyin ya rabu daidai a kansu. Birkin faifai kuwa yana kama ɗan faifai mai faɗin milimita 140 ko 160 a ƙasa, kusa da tsakiyar wili, a ƙafar hagu kaɗai. Tun da faifan kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na faɗin wilin, sai birkin ya yi riƙo da ƙarfi wajen ninki huɗu kafin ya tsayar da keken daidai da na roba, kuma duk wannan ƙarfin a kan siririyar ƙafa ɗaya yake sauka. Bayan haka, yadda birkin ke zaune a bayan ƙafar yana tura sandar wili ƙasa, wato ta hanyar da ake cire ta. Wannan na cikin dalilan da suka sa masu ƙera kekuna suka kaurara ƙafafun gaba, suka koma amfani da sanda mai kaurin milimita 12 da ke ratsa rami rufaffe a ɗaure ta da zare irin na sukurori. Ɗan ƙarfen da aka liƙa da walda ko aka ɗaure da sukurori ba ya kawo ko ɗaya daga cikin wannan kariya.

A tuna kuma lokacin da mutum ke damƙe birki da dukan ƙarfinsa: lokacin da akuya ta tsallako, ko ɗan kabu-kabu ya yanko gabansa, ko tirela ta matso shi gefen kwalta a hanyar Ɗan Isa. A daidai wannan lokacin ne ƙafar za ta karye ko wilin gaba ya fita, mahayin ya tafi da ka. Wanda ya tura saƙon ba ya wurin.

Kuma duk wannan kasadar a kan abin da ba a buƙata ne. Fifikon birkin faifai yana bayyana a ruwan sama da gangaren dutse mai tsawo. Tsakanin Tsibiri da Jiratawa babu dutse, damina kuma 'yan watanni ce. Hukumar tseren keke ta duniya ba ta halatta birkin faifai gaba ɗaya a tseren kwalta ba sai a 2018, kuma Egan Bernal ya ci gasar Tour de France ta 2019 da birkin roba, a kan duwatsun Faransa. Sabuwar roba da sabuwar waya sun ishe ka.

To, wanda ke son keken da zai riƙa ingantawa, me zai duba? Jikin keken, domin shi ne abin da ba ya sauyuwa. Ya zama daidai tsawonka. Keken da ya yi maka girma ko ƙanƙanta babu kayan da zai gyara shi. Ka tafi da mayen ƙarfe: in ya kama, baƙin ƙarfe ne, in bai kama ba, kada wuta ta taɓa shi. Ka goge ƙura ka duba kowace mahaɗa a cikin rana, ka yi hattara da sabon fenti ko sitika a wuri ɗaya. Ka duba sararin da ke tsakanin taya da jiki, domin tsofaffin kekunan tsere da yawa ba sa ɗaukar tayar da ta wuce milimita 25, alhali hanyoyinmu masu ramuka da tsidau sun fi son 28 ko 32. Ka auna tsakanin ƙafafun baya: milimita 130 yana karɓar wilin giya 8 zuwa 11, 126 kuwa na tsohon yayi ne, kuma baƙin ƙarfe kaɗai ake iya buɗawa. In har ranka na son birkin faifai, ka haƙura ka sayi keken da aka haifa da shi.

Tsohon keke lafiyayye mai giya 8 da birkin roba ya fi tsagagge mai babban suna. In mai sayarwa ya nuna maka tsaga ya ce ƙaramin aiki ne, ka bar masa kayansa. In kuma saƙon nan ya iso wayarka, kada ka tura shi gaba, ka kira ƙanenka da ka san yana tara kuɗin keke ka gaya masa abin da walda ke yi wa alminiyam.