Rufe ɓargon haƙori a dabbobi

Rufe ɓargon haƙori wata hanya ce da likitocin dabbobi ke bi don ceton haƙorin da ya karye har ɓargonsa ya bayyana. Ɓargon shi ne naman da ke tsakiyar haƙori, mai ɗauke da jijiyoyi da hanyoyin jini. Ana shafa masa magani a toshe ramin, domin ya ci gaba da rayuwa ya gina sabon ƙashi a bakin raunin.

Kayan aiki

Mafi daɗewa shi ne kalsiyam haidiroksaid, dangin farar ƙasa da ake shafe ɗaki da ita. Yana da araha, yana kashe ƙwayoyin cuta, sai dai yakan narke a hankali, ƙashin da ya haifar kuma yakan kasance da 'yan kafofi. A farkon shekarun 1990 Mahmoud Torabinejad da abokan aikinsa a Jami'ar Loma Linda ta Amurka suka samar da MTA, wani gari mai kama da simintin gini wanda yake daskarewa ko da akwai damshi. Ya fi toshe rami sosai, amma yana da tsada. Daga baya kamfanin Septodont na Faransa ya fitar da Biodentine.

Magani kaɗai bai isa ba. A 1965 Kakehashi da abokansa sun nuna cewa ɓargon haƙorin ɓerayen da aka raina ba tare da ƙwayoyin cuta ba yakan warke da kansa, na sauran ɓeraye kuwa ya ruɓe. Shi ya sa ake son a yi wa kare aikin cikin awa 48 da karyewar fiƙarsa.

A Batsari da Safana

Waɗannan ƙananan hukumomi na yammacin Jihar Katsina, a gefen Dajin Rugu, ƙasar noma da kiwo ce. Haƙorin saniya yawanci cinyewa yake yi da tsufa, kuma wannan aiki ba ya maganin hakan. Saniya ba ta da haƙoran gaba a sama, in na ƙasa suka ƙare sai ta kasa kiwo ta rame, makiyayi ya kai ta kasuwa. Karnukan farauta da na gadi su ne aikin ya fi dacewa da su.

Aikin yana buƙatar allurar barci da hoton haƙori, abubuwan da sai a babban asibiti irin asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Da nisan hanya da matsalar tsaro a yankin, awa 48 takan wuce kafin a isa, sai dai a cire haƙorin.