Yadda Ake Tantance Dangin Buzuzu na Kudancin Amurka

Buzuzun nan da muka sani, mai mirgina kashi, yana da dangi kusan iri 30,000 a duniya, waɗanda masana ke kira Scarabaeidae. Tambarin zuriyar yana jikin 'yan eriya biyu da ke kansu: bakin kowace ya rabu falle-falle, yana buɗewa kamar mafici. Da wannan ake fara gane su.

A dazuzzukan Kudancin Amurka akwai manyansu. Dynastes hercules, wanda Carl Linnaeus ya raɗa wa suna a 1758, namijinsa kan kai santimita 17 idan aka haɗa da ƙaho. Masu bincike kan kama irinsa da dare, su shimfiɗa farin ƙyalle, su haska masa fitila. Masu cin kashi kuwa, gwangwani ake binne musu a ƙasa, a sa kashi ya jawo su.

Kamawa ba ta kai tantancewa wuya ba, domin kama da wane ba wane ba ne. Ƙaho yana ruɗin ido. Tsutsar da ta ƙoshi da ruɓaɓɓen itace takan zama namiji mai zabgegen ƙaho, wadda ta sha yunwa ta fito da ɗan guntu, alhali iri ɗaya ne. Macen Dynastes kuma ba ta da ƙahon sam. Shi ya sa masani kan ciro al'aurar namiji ya duba ta a madubin ƙara girma, don siffarta ta fi bambanta iri da iri. Daga nan sai ya gwada da ƙwaron asali da aka adana a gidan tarihi, wanda a kansa aka fara bayyana irin. A yau ana ƙarawa da gwajin ƙwayoyin gado.

Me ya sa ake wannan wahala? Dubi Dynastes satanas, baƙin ƙwaro da ba a samunsa ko'ina sai dazukan Yungas na ƙasar Bolibiya. 'Yan fasa-ƙwauri sun yi ta kwasarsa suna sayar wa masu sha'awar tara ƙwari, har aka sa shi ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, mai sa ido kan cinikin halittun da ke cikin haɗari, a 2010. To, yana kama da ɗan'uwansa Dynastes neptunus. Muddin jami'in kwastan bai iya raba su ba, dokar ta tsaya a takarda. Kare halitta yana farawa ne daga sanin sunanta na gaskiya.